Abin da Ba Ya Fitowa a Jarrabawa: Ilimin Kiyaye Haɗurra da Darasin Hausa a Makarantun Funtua da Malumfashi

Tun lokacin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, gab da shiga zangon karatu na 2025/2026, muhawarar da ake tafkawa ta ta'allaƙa ne a kan abubuwa uku: yawan darussan da ɗalibi zai ɗauka, da sana'o'in da aka zaɓa a koyar, da batun rubuta jarrabawa a kan kwamfuta. Duk ukun sun cancanci a tsaya a kansu. Sai dai akwai wani batu da aka tsallake, wanda a yankin Funtua da Malumfashi ya fi waɗannan kusa da rai, wato yadda ɗalibi zai bar gida da safe ya isa makaranta, ya kuma komo da ƙafafunsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ilimin kiyaye haɗurra ba zai taɓa zama da gindinsa a makarantunmu ba sai ya sami darasin da zai goya shi da jarrabawar da za ta tambaye shi, kuma a ƙasar Hausa babu darasin da ya fi dacewa da wannan goyo kamar darasin Hausa. Idan haka ne, wani ɓangare na nauyin yana wuyan masu nazarin Hausa, waɗanda su ne masu karanta wannan mujalla.

Makaranta a Bakin Titi

Funtua gari ne da hanya ta raina. Titin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, cinikin auduga kuma ya jawo mata baƙi daga kowace kusurwa. A shekarar 1975 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, aka buɗe hanyoyin karkara domin amfanin gona ya fito kasuwa. A yau babbar hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta bi ta cikin garin, wata ta ɓalle arewa ta nufi Bakori da Malumfashi har Katsina, wata kuma ta yi Ɗandume. A shekarar 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta tsandauri a garin, abin da ke nuna cewa manyan motoci ƙaruwa za su yi.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san yadda titi yake komawa da kaka. Masara da dawa da waken suya da auduga suna fitowa daga gonaki, tirela da daf da kanta suna jerin gwano zuwa kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Bakori, amalanken shanu da tarakta marar fitila suna raba kwalta ɗaya da motar da ke gudun kilomita ɗari. Manomi ya baza shanyarsa a gefen titi, wanda shi ne kaɗai wurin da mai tafiya a ƙasa zai raɓa, sai ya zamana dole yaro ya hau kwalta. Makarantun sakandare da yawa an gina su ne a bakin waɗannan hanyoyi, domin a can fili yake, kuma a lokacin da aka gina su zirga-zirga ba ta kai haka ba. Ɗaliban ƙauyuka suna zuwa ne a ƙasa, ko a keke, ko a bayan babur ana goyon uku ko huɗu, wani lokaci kuma a saman buhunan hatsi idan direba ya ji tausayinsu ya rage musu hanya. Ba boyayyen abu ba ne cewa wasu daga cikin samarin da ke babbar sakandare su ne ke yin acaɓa da yamma don su sami kuɗin littafi da na jarrabawa, alhali da yawansu ba su kai shekara 18 da doka ta gindaya kafin a mallaki lasin ba.

Matsalar tsaro ta ƙara wa lamarin nauyi. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe makarantun kwana, kuma ko bayan da aka sake buɗe wasu, iyaye da dama sun gwammace 'ya'yansu su riƙa jeka-ka-dawo. Yaron da a da yake hawa hanya sau shida a shekara, farkon zango da ƙarshensa, yanzu yana hawanta sau biyu a kowace rana. An guje wa wani haɗari, an ƙara kusantar wani, kuma na biyun ba ya shiga labarai sai ya ci rayuka da yawa a lokaci ɗaya.

Alƙaluman duniya sun tabbatar da abin da ido ke gani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da mahaya keke da babur, nahiyar Afirka kuma ita ta fi kowace yawan mace-mace idan aka gwada da yawan jama'arta. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙidaya mutum 5,421 da suka mutu a kan hanya a shekarar 2024. Shekarun da rahoton ya ambata su ne shekarun makaranta, hanyoyin tafiyar da ya ambata kuma su ne na ɗaliban Kafur da Ɗanja da Faskari da Sabuwa.

Darasin da Ba Shi da Uba

Ba za a ce hukumomi ba su taɓa tunanin wannan batu ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a shekarar 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta daɗe tana kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗurra a makarantu, masu yi wa ƙasa hidima suna da rukuninsu na wayar da kai a kan hanya, kuma an yi aiki tare da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, wato NERDC, aka tsarma batutuwan kiyaye haɗurra a cikin wasu darussan ilimin matakin farko. Dabarar tsarmawa tana da hujjarta, domin jadawalin makaranta ya riga ya cika. Amma tana da illa babba, ita ce abin da aka raba wa kowa ba ya zama na kowa. Malamin ilimin zamantakewa yana ganin aikin malamin kiwon lafiya ne, shi kuma yana jiran ranar da jami'an hukuma za su zo su yi lacca a taron safe. Jami'an su zo sau ɗaya a shekara, a tafa musu, a ɗauki hoto, su tafi. Ƙungiyar ɗalibai kuwa tana rayuwa ne muddin malamin da ke son ta yana makarantar, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ta bi shi.

Tarihin sauye-sauyen manhaja ma bai taimaka ba. A cikin shekaru ashirin da suka wuce an shigo da manhajar ilimin matakin farko ta shekara tara, aka sake yi mata kwaskwarima aka cure darussa da dama wuri ɗaya. A shekarar 2011 aka fara sabuwar manhajar babbar sakandare wadda ta tilasta ilimin zama ɗan ƙasa da darasin sana'a ɗaya, ta kuma mayar da harsunan gida cikin jerin zaɓi. An cire Tarihi daga ƙananan azuzuwa, aka dawo da shi bayan kuka ya yi yawa. Yanzu kuma ga ta 2025, wadda ta taƙaita darussan ƙaramar sakandare zuwa tsakanin 12 da 14, na babbar sakandare zuwa 8 ko 9, ta rage sana'o'i zuwa shida, ta kuma haɗa Tarihi da ilimin zama ɗan ƙasa da na zamantakewa a darasi guda a babbar sakandare. Rage kaya abu ne mai kyau, musamman a makarantar da malami ɗaya ke riƙe da darussa uku. Amma duk lokacin da aka cure darussa, abin da ke fara zubewa shi ne ɗan batun da aka tsarma a gefe, wanda babu mai tsaya masa a teburin rabo. Kiyaye haɗurra yana cikin irin waɗannan marayun batutuwa.

Jarrabawa Ita Ce Manhajar Gaskiya

Akwai manhajar da ke rubuce a takarda, akwai kuma wadda ake bi a aji, kuma ta biyun jarrabawa ce ke tsara ta. Daga lokacin da ɗalibi ya shiga aji biyu na babbar sakandare, hankalinsa da na malamansa da na iyayensa ya koma kan jarrabawar share fage, wadda cin ta ke sa gwamnatin jiha ta biya wa yaro kuɗin jarrabawar fita. Daga nan sai WAEC da NECO da JAMB. Littafin da ya fi kowane tsufa a hannun ɗan aji uku shi ne na tambayoyin shekarun baya. Darasin yamma da na ranakun hutu duk a kansa suke. Ba laifin malami ba ne, domin da yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ake auna shi da makarantarsa. Ba kuma laifin uba ba ne, wanda ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin rajista. Tambayar da ɗalibi ke yi wa malami, wato ko abin zai fito, tambaya ce ta mai hankali a cikin tsarin da ya tarar.

Abin lura kuma shi ne, lokacin jarrabawa shi ne lokacin da ɗalibi ya fi hawa hanya cikin gaggawa. Tun shekarar 2015 JAMB ta koma kacokan kan kwamfuta, cibiyoyin da ke da na'urori kuma a manyan garuruwa suke, don haka ɗan ƙauye sai ya yi sammako ko ya kwana a hanya. Shirin mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta zai ninka irin wannan tafiya, muddin ba a kai na'urori da wutar lantarki makarantun karkara ba. WAEC tana faɗowa ne a watannin Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya, daidai lokacin da damina ta sauka, hanyoyin ƙauye suka jiƙe, gidaje kuma suke bukatar hannun samari a gona, sai yaro ya fito daga huɗa a makare ya haye babur yana tsere da agogo. A ƙarshen watan Mayu 2025 an ga yadda jinkirin isowar takardun Turanci na WAEC ya sa ɗalibai a sassa da dama na ƙasar nan suka rubuta jarrabawa da dare da hasken tocila. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga sakamako, amma kowane ɗaya daga cikin yaran nan sai da ya kama hanyar gida cikin duhu. Tsarin jarrabawarmu yana tura yara kan titi, bai kuwa taɓa ɗaukar titin a matsayin abin da ya kamata ya auna saninsu a kai ba.

Wasu ƙasashe sun gane wannan tuntuni. A Faransa ɗaliban ƙaramar sakandare suna zana wata jarrabawar kiyaye haɗurra mataki biyu a cikin makaranta, kuma ana neman takardar shaidarta idan matashi ya zo neman lasin tuƙi. Ba wai kwaikwayon Faransa ake kira a yi ba, domin titinsu da namu sun bambanta. Darasin da ke ciki shi ne, sun ɗaura ilimin a jikin wani abu da yaro ke so ya samu.

Harshen Hanya

A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Titin Funtua zuwa Malumfashi da Hausa yake magana. Da ita ɗan kamasho ke kiran fasinja, da ita ake cinikin lodi, da ita direba ke horar da karen motarsa, da ita ake faɗa idan an yi karo, da ita kuma ake kai wa iyaye labari. Yaron da ya haddace ma'anar alamomin hanya da Turanci don ya ci maki, ya ajiye su a aji idan aka tashi, domin ba da wannan harshe yake yanke shawarar tsallaka titi ba.

Bayan haka, harshen da kansa yana ɗauke da wata fahimta game da haɗari wadda ta cancanci a zauna a tattauna ta da ɗalibai. A duba yadda muke ba da labarin haɗari. Mukan ce mota ta ƙwace, burki ya shanye, taya ta fashe, babur ya kayar da shi, kwana ta ci su. A duk waɗannan jimloli, aikau ɗin ƙarfe ne ko roba ko kwalta. Mutumin da ya taka totur, da wanda ya san burkinsa ya lalace tun makon jiya, da wanda ya sayi tsohuwar taya ya ɗora mata lodin da ya fi ƙarfinta, duk sun ɓace daga jimlar. Sai kuma a rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Hausa ba ta rasa kalmomin da ke dawo da mutum cikin labarin ba. Tana da ganganci, da sakaci, da garaje, da wauta, da kasada, kowace da inda ta dosa. Tsautsayi shi ne abin da ya auka wa mutum bayan ya yi iya kiyayewarsa. Ganganci kuwa shiga haɗari ne ido buɗe. Ɗalibin da ya iya bambance waɗannan kalmomi, ya kuma iya sake gina jimlar da ke cewa mota ta ƙwace ta yadda mai laifin zai bayyana, ya koyi nahawu da ilimin ma'ana, ya kuma koyi wani abu da zai tuna ranar da ya riƙe kan babur.

Wannan bai ci karo da imani da ƙaddara ba, kuma wajibi ne a faɗi haka a fili, domin a nan ne wayar da kan da ake yi da harshen waje take yawan tuntuɓe. Duk ɗalibin da ya je makarantar Islamiyya ya ji hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Karin maganarmu ma ba gefe ɗaya ta tsaya ba. Al'ummar da ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa ita ce ta ce rigakafi ya fi magani, ta ce sauri ya haifi nawa, ta ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Malamin Hausa ne kaɗai ke da hurumin ɗora waɗannan karin magana a kan allo gaba ɗaya, ya sa ɗalibai su yi muhawara a kan wadda ta dace da wane hali.

Tarihi ma ya nuna cewa harshen ya taɓa ɗaukar irin wannan kaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da littattafan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, sun isar da ilimin tsafta da noma da zaman jama'a ga mutanen da ba su taɓa shiga aji ba. Da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, da kuma lokacin da aka sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, rediyo da mawaƙa ne suka kai saƙon lungu da saƙo na Arewa. Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa wadda har yau ake tunawa. Funtua kuwa gari ne da Mamman Shata ya zauna shekaru masu yawa, babu wanda zai koya wa mutanenta tasirin waƙa a zukatan direbobi da fasinjoji. Rubuce-rubucen jikin manyan motoci sun daɗe da zama abin nazari a sassan Hausa na jami'o'inmu. Kayan aikin suna nan, abin da ya rage shi ne a juya su su fuskanci aji.

Abin da Za a Iya Yi Ba Tare da Ƙarin Darasi Ba

Ba sabon darasi ake nema ba, domin hakan ya saɓa wa manufar rage kaya. Abin da ake nema ya kasu uku.

Na farko yana hannun Jihar Katsina. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta makarantun jiha da jarrabawar share fage duk ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke shirya su, ba sai an jira Abuja ba. Takardar Hausa tana da sashen auna fahimta da na insha'i. Idan aka tsayar da cewa kowace shekara ɗaya daga cikin waɗannan zai shafi hanya, misali labarin haɗari da za a nemi ɗalibi ya fitar da musabbabinsa, ko wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan mashigar makaranta, ko muhawara a kan goyon uku, to cikin shekara biyu batun zai shiga littafin tambayoyin baya. Da zarar ya shiga can, babu malamin da zai sake tsallake shi. A ƙaramar sakandare harshen gida dole ne ga kowa, saboda haka saƙon zai riski kowane yaro a daidai shekarun da yake fara koyon babur. Malaman Lissafi da Kimiyya su ma suna da rabonsu: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da burki ke bukata kafin mota ta tsaya tana ninka huɗu. Wannan lissafi ne da za a iya aunawa da igiya a filin makaranta.

Na biyu yana hannun masana. Akwai bukatar daidaitattun kalmomi. Hular kwano ta zauna, shataletale ya zauna, amma me za a kira zanen da aka yi don masu tsallaka titi, da gefen kwalta da aka ware don tsayawa, da wurin da direban babbar mota ba ya iya hangowa ta madubi, da tazarar tsayawa? Kowane gidan rediyo da irin tasa fassarar. An taɓa yin irin wannan aiki: Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya samar wa nazarin harshe da adabi kalmomin da muke amfani da su har yau, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006. Aikin kalmomin hanya ya fi waɗannan sauƙi, da sharaɗin a fara shi daga tasha. Direbobi da makanikai da 'yan acaɓa suna da sunayen da suke kiran abubuwa da yawa, kuma kalmar da aka tsinto daga bakinsu ta fi wadda aka ƙera a ofis saurin karɓuwa. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kusa da Funtua, suna yaye ɗalibai kowace shekara da kundayen bincike. Kundi goma a kan harshen tashoshin Funtua da Malumfashi da Bakori za su isa a fitar da ƙaramin ƙamus.

Na uku yana hannun marubuta. Ana bukatar gajerun labarai da wasannin kwaikwayo da waƙoƙi waɗanda suka san yankin, waɗanda yaron Kafur zai karanta ya ga hanyar garinsu da shanyar barkono da tirelar da ta lalace a kwana aka jera mata ganye a madadin alama. Irin wannan rubutu ya kamata ya ƙunshi abubuwan da ke ceton rai a zahiri: tafiya ta gefen da ake fuskantar motoci masu zuwa, sanya tufa mai haske da dare, ɗaure igiyar hular kwano, lambar gaggawa ta 122, da nisantar tankar mai da ta faɗi. Wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar man da ya zube, ya san cewa wannan na ƙarshe darasi ne da ya kamata kowane yaro ya ji tun kafin ranar ta zo. Kwalejojin ilimi irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma su ne za su shigar da wannan cikin horon malaman Hausa masu zuwa.

Inda Za a Yi Ja

Za a ce ilimi kaɗai ba ya hana mutuwa a titi. Gaskiya ne. Ƙasashen da suka rage mace-mace, irin su Suwidin wadda ta ƙaddamar da manufarta ta kawar da mutuwar hanya a 1997, sun yi nasara ne ta gyaran tituna da rage gudu da tsaurara doka, bisa fahimtar cewa ɗan Adam ajizi ne, dole a gina hanyar da kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Yaron da ya san dukkan ƙa'idoji ba shi da yadda zai yi da tirelar da ta shigo gari da gudun daji. Tudun rage gudu da alamar makaranta da jami'in KASSAROTA a bakin ƙofa lokacin tashi sun fi lacca goma amfani nan take. Amma waɗannan abubuwa sai an nema ake samu, kuma mai neman su shi ne wanda ya daina ganin haɗari a matsayin abin da ke saukowa daga sama. Ɗalibin yau shi ne direban gobe, shi ne shugaban tasha, shi ne kansila.

Za a kuma ce iska ta juya wa harsunan gida baya. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai. Ko me mutum yake gani game da wannan hukunci, bai cire Hausa daga jerin darussa ba, sai dai ya mayar da ajin Hausa wuri ɗaya tilo da ya rage inda yaro zai yi tunani a kan rayuwarsa da harshen da yake rayuwar da shi. Wannan ƙarin dalili ne na a zuba wa ajin abin da ke da nauyi. Akwai kuma masu tsoron kada a mayar da darasin Hausa jakin da kowa ke ɗora wa kaya, yau kiwon lafiya, gobe zaɓe, jibi haraji, har adabi ya rasa wurin zama. Tsoron yana da tushe, maganinsa kuma shi ne inganci. Labarin da aka rubuta da gwaninta a kan hanya adabi ne, nazarin jimlar da ta ɓoye mai aiki kuwa nahawu ne tsantsa. Babu abin da aka rage wa darasin.

Kammalawa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, lokaci kuma ya ci fiye da yadda aiki ya ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne ake rubuta littattafan da za su bi sabuwar manhaja, yanzu ne ake tsara sababbin tambayoyi, kuma abin da bai shiga a wannan zagaye ba sai ya jira wani sauyin. Masana Hausa sun daɗe suna kokawa cewa an mayar da darasinsu na cike gurbi, wanda ɗalibi ke ɗauka don ya cika adadi. Hanya ɗaya ta amsa wannan ita ce a nuna cewa akwai abin da darasin ke iya yi wanda wani ba ya iyawa. Tsakanin ƙofar gida da ƙofar makaranta a Funtua da Malumfashi akwai kwalta, kuma ya rage ga sassan Hausa da ƙungiyoyin marubuta da ma'aikatar ilimi ta jiha su zauna su fitar da kalmomin da littafin da tambayar jarrabawar kafin kaka mai zuwa.